Yadda Ake Shata Fata Kafin a Cire Gashi da Leza

Wata amarya aka taɓa kawo mana, saura kwana goma sha biyu a ɗaura mata aure. Yayarta ce ta ɗage mata zani ta ce, "Anti, don Allah duba mana ƙafar yarinyar nan." Daga gwiwa zuwa idon sawu layuka ne baƙaƙe, wasu a tsaye wasu a kwance, gida-gida kamar an zana dara a ƙwaurinta. Wasu wuraren sun ɗuri ruwa har sun fashe. Cikin gidajen kuwa fata lafiya lau, gashin ma ya fara zuba. Na san amsar tun kafin in tambaya, amma na tambaya: da me aka zana? Ta ce shuɗiyar maka ce, irin wadda ake rubutu a jikin kwali. Wadda ta yi mata aikin ta saita injinta daidai, alƙalamin da ta riƙe ne ya ci fatar. An yi biki da tabon, kuma ya ɗauki watanni kafin ya dusashe.

Tun daga ranar, duk wadda ta zo koyon aiki a hannuna ba ta taɓa inji a satin farko. Fensir nake ba ta.

Dalilin a taƙaice shi ne leza ba ta san gashi ba, duhu ta sani. Haskenta yana neman sinadarin da ke ba gashi da fata launi, wato melanin, idan ya same shi ya zama zafi, zafin ya kashe saiwar gashin. Duk wani abu mai duhu da ta tarar a hanya haka za ta yi masa, tawada ce ko kwalli ko lalle. Mu kuma fatarmu tana cike da melanin. A ma'aunin launin fata da likitan fata Thomas Fitzpatrick ya fara fitarwa a 1975, wanda yanzu yake da hawa shida daga mafi haske zuwa mafi duhu, yawancin masu zuwa wurinmu a Kano suna hawa na 5 ko na 6. Shi ya sa injin leza na Nd:YAG mai nanomita 1064, wato awon zangon haskensa, ya fi dacewa da mu, don haskensa yana wuce saman fata ya nutsa ciki, melanin bai cika kama shi da ƙarfi ba. Injin dayod mai 810 yana yi idan hannu ya ƙware kuma sanyayawarsa tana aiki. Injin alekzandirait mai 755 da injin IPL, wanda shi ba leza ba ne ma, fitila ce mai tartsatsi, sun fi saurin ƙona baƙar fata. Kowanne kika riƙe, tazarar da ke tsakanin kashe gashi da ƙona mutum a fatarmu siririya ce, ɗigon biro ɗaya ya isa ya cinye ta.

Kayan aiki

Farar jagira, biyu ko uku. Ki nemi mai ɗan maiƙo, fara sol, marar ƙyalli ko kaɗan. Shagunan kayan kwalliya na Sabon Gari ba sa rasa ta, sai dai ki zana a bayan hannunki ki duba a rana, domin da yawa da ake kira fara idan an zana sai ki ga tana ɗaukar ido ko ta ja zuwa ruwan madara. Waɗannan ki bar su.

Sai abin fiƙe fensir, sifirit da auduga, ruwa mai tsabta da sabulu marar turare, sabuwar reza ga kowane mutum, farar filasta ta takarda, farin bandeji, katakon nan da likitoci ke danne harshe da shi, tef ɗin awo irin na tela, madubin hannu, safar hannu, fitila mai farin haske, da katin da aka zana surar jikin mutum gaba da baya.

Abin da ba ya shiga ɗakin aiki: biro kowane launi, maka, baƙar jagira ko ruwan ƙasa, fensirin makaranta, da shuɗin alƙalamin da ake shata wurin tiyata. Na ƙarshen nan yana ruɗar waɗanda suka fito daga aikin asibiti, suna ganin ai na likitoci ne. An yi shi ne don wuƙa, kuma ruwansa irin na jibi ne, shuɗin maganin da ake shafa wa ciwo. Wasu suna amfani da jar maka, wai hasken Nd:YAG ba ya kama ja sosai. Ni ba na yi. Ja ba ya fitowa a fatarmu, kuma ba ki san me aka haɗa a tawadar ba.

Idan farar jagira ta yanke miki, farin allin tela yana tsayawa na ɗan lokaci a wurin da ba za a shafa jel ba, ko ki yanka farar filasta siri-siri ki yi iyaka da ita. Idan duk babu, ki ɗage aikin. Duk sabon fensir kuma, kafin ya taɓa jikin mutum, ki zana shi a katakon danne harshe, ki sa tabarau, ki harba sau ɗaya. Idan ya yi ƙara ko hayaƙi ko ya bar baƙi, kwandon shara ne wurinsa.

1. Tambaya kafin ki buɗe fensir

Ki zaunar da ita, ku gaisa, ki tambaya a natse. Yaushe ta yi halawa ko ta tsige gashin da zare? Idan bai kai sati huɗu ba babu saiwar da leza za ta kama, ta koma ta dawo. Yaushe ta yi dilka ko ta shafa kurkum? Fatar da aka murje jiya ba ta ɗaukar zafi, kurkum kuma yana barin launi. Tana da ciki? A bari sai ta sauka. Tana shan maganin ƙurajen fuska? Doksisaikilin yana sa fata ta ƙi haske, isotiretinoyin kuma yawancin wurare suna jiran wata shida bayan an daina. Idan ta ji ciwo, tabon yakan yi tudu ya ci gaba da girma? Wannan sai da yardar likita.

Tambaya mafi wuya ita ce ta man shafawa. Babu wadda za ki ce wa "Hajiya kina bilicin?" ta amsa miki da gaskiya. Ni cewa nake, "Hajiya, ki taho min da duk mayukan da kike shafawa in duba, don kada inji ya yi faɗa da su." Mayukan da ke ɗauke da sitiroyid suna sirantar da fata, masu haidirokwinon suna rage mata launi, kuma hasken da kike gani a fuskarta ba shi ne asalin launinta ba. Ki dubi gaɓɓan yatsunta da bayan kunnenta, can gaskiya take.

Macen da gashi ya cika mata haɓa da ƙirji, al'adarta kuma ba ta zuwa daidai, ki ba ta shawarar ganin likitan mata. Leza za ta rage, amma idan tushen yana ciki gashin zai riƙa dawowa.

2. Duba fatar a farin haske, gashi yana nan

A zuwan farko na fi so kada a yi aski kwana biyu ko uku, don in ga inda gashi mai kauri ya ƙare, inda laushin gashi ya fara. Wannan iyaka tana da muhimmanci a fuska. Laushin gashin kumatu da gefen wuya idan aka haska shi da ƙarfi kaɗan, wani lokaci maimakon ya mutu sai ya yi kauri ya yi baƙi, kuma hakan ya fi faruwa a fata mai duhu. Mace ta zo da tsilli goma a haɓa ta koma da saje, wannan abin kunya ne ga mai aiki.

Ki bi wurin a hankali da ido da yatsa, duk abin da kika gani ki sa a kati: tawadar Allah, jarfa, tsagar gado, tabon ƙuna, ƙyasbi, makero, ƙurji mai ruwa, sauran lalle. Idan ta yarda ki ɗauki hoto, ba tare da fuska ba in dai ba fuskar ake yi ba, kuma hoton ba na ɗorawa a shafin talla ba ne.

3. Aski, wanki, busarwa

Bayan zuwan farko, mafi kyau ta yi askin a gida daren jiya. Idan ba ta yi ba, ko ta bar tsibi-tsibi, ki gyara da sabuwar reza, ki bi kwanciyar gashin. Gashin da ya tsaya a saman fata wuta yake kamawa ya ƙona wurin.

Daga nan wanki. Hoda, jan-baki, turaren hammata, humra, man basilin, duk su fita. Ki goge da farar auduga har sai ta dawo miki fara. A hammata sau biyu ba ya isa, humra tana da naci. Da hunturu mutane suna lafta basilin saboda kaushi, idan ba ki wanke shi tas ba jagira santsi za ta riƙa yi. Idan an shafa man kashe zafi, shi ma a goge shi gaba ɗaya kafin zane, kuma kada a taɓa lafta shi a ƙafa biyu a naɗe da leda, yana shiga jini ya yi illa.

Idan kin goge da sifirit ki jira ya bushe ƙarƙaf. Sifirit yana kama wuta.

4. Shata iyakar waje

Ki fiƙe jagirar a gabanta, ki goge bakin da sifirit, ki bari ya sha iska. Lokacin bazara jagira narkewa take a aljihun tebur, minti goma a firji yana dawo da ita.

Kuskuren da kusan kowace sabuwa take yi shi ne ta kwantar da mutum sannan ta zana. Fata tana zamewa idan an kwanta. Layin da ya miƙe a kan gado, idan aka tashi sai ki ga ya karkace. Fuska da wuya a zaune ake shata su, kai a miƙe yana kallon gaba. Layin mara da na cinya a tsaye. Hammata kuwa hannu a ɗage yadda zai kasance lokacin aiki, ki bar kamar faɗin yatsa ɗaya bayan gashin ƙarshe.

Ki fara da ɗige-ɗige, ki auna dama da hagu da tef daga wani ƙashi da ba ya motsi, sannan ki haɗa su da siririn layi. Ki miƙa mata madubi ki ce, "Hajiya duba, duk abin da ke cikin layin nan tafiya zai yi, kin yarda?" Sai ta ce ta yarda da bakinta. A gaban goshi da saje kullum ina barin gashi fiye da abin da aka roƙa. Abin da aka bari ana iya ɗauke shi a zama na gaba, wanda aka kashe ba ya dawowa yadda yake.

Maza, waɗanda abokan aikinmu maza ke yi wa, yawanci ƙurajen aski ne ke kawo su, a wuya da ƙeya, kuma ba sa son a taɓa gemu. Ana shata layin wuya kamar yatsu biyu sama da zakaran wuya, a lanƙwasa shi zuwa bayan muƙamuƙi, kai a miƙe. A lokacin harbi a kare gemun da katakon danne harshe a tura dogon gashi sama. Wanda ya ɗaga kai yana kallon silin aka zana masa, idan ya sauke zai tarar an ci masa gemu.

Ido kuwa ba wurin ciniki ba ne. Ki taɓa ƙashin da ya kewaye ramin ido, ki ja layi a wajensa, kan inji ba ya tsallake wannan layi. Ƙwayar ido tana da melanin, harbi ɗaya yana iya lalata gani har abada. Za a roƙe ki gyaran gira da leza, ki ce a'a.

5. Rufe abin da ba a harbi

Nan ne aikinmu na Kano ya bambanta da abin da ke cikin takardar da ta zo da inji.

Tawadar Allah: ki cike ta da farar jagira har baƙin ya ɓace, ki kewaye ta da da'ira, ki ɗora guntun farar filasta idan babba ce. Farin kariya ce ta kuskure kawai, kada ki ce tunda na rufe bari in bi ta kai. Wadda ta canza girma ko launi, ko take ƙaiƙayi ko jini, ki tura mai ita wurin likitan fata, akwai su a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano.

Jarfa, da baƙin da wasu matan Fulani ke yi a leɓe da haɓa, da girar dindindin da ake yi da allura: tawadar tana cikin fata, ba ta goguwa. Ina barin santimita 2 zuwa 3 ta kowane gefe in rufe da farin bandeji. Tsagar gado ki duba ta da kyau, wasu an cusa musu baƙi a ciki tun suna jarirai.

Lalle shi ne babban abin rigimarmu da amare. Ja ne ko baƙi, ba a harbi a kansa, kuma ba ya rufuwa da jagira. Baƙin ya fi muni, don sau da yawa dayis ɗin gashi ake haɗawa, wanda shi kansa yana ƙona wasu. A jira ya fita tas, sati biyu zuwa uku. Ko inuwarsa kika gani a wuyan hannu ko idon sawu, ki ja iyakarki sama da wurin. Amaryar da ke son leza ta fara watanni kafin biki, tunda aikin zama shida ne zuwa takwas, tsakaninsu sati huɗu zuwa takwas gwargwadon wuri. Wadda ta zo ana gobe kamu, reza ce maganinta.

Kwalli yana gangarowa da gumi ya kwanta a kumatu ba a lura ba. A goge shi tas kafin a taɓa fuska.

Leɓe: idan za a yi gashin baki, ki bi bakin leɓen da farar jagira, ta tura jiƙaƙƙen farin bandeji tsakanin leɓe da haƙora.

Sai wuraren da suka fi sauran jiki duhu: gwiwa, gwiwar hannu, tsakanin cinyoyi, tsakiyar hammata, tabon sallah a idon sawu da goshi, da inda rana ta ci fuska ta bar inda hijabi ya rufe. Waɗannan ana yin su, amma da ƙarfi na daban. Ni layi biyu nake kewaye su da shi, duk wadda ta ga layi biyu a ɗakinmu ta san a nan ake rage wuta. Ga mai shafa man haske abin ya fi yawa, jiki ɗaya launi uku, dole kowane yanki ya samu iyakarsa.

6. Raba wurin gida-gida

Ƙaramin wuri kamar haɓa ba ya buƙata. Hammata gida biyu ko huɗu ya isa. Ƙafa, cinya, baya da ƙirji kuwa sai an raba, domin bayan aski babu abin da zai nuna miki inda kika bi. Kan ƙwauri nakan ja layi huɗu a tsaye, gaba da baya da gefe biyu, sannan in yanka su a kwance, kowane gida kamar tafin hannu. Layi ya zama siriri. Ki zana gaba, ki gama shi, sannan ta juya ki zana baya, in ba haka ba zanin gado zai shanye miki zanen. Idan injinki mai jel ne, zane ya riga jel, kuma ki shafa jel ɗin gida ɗaya bayan ɗaya.

7. Gwaji

Ga sabuwar zuwa, ranar farko gwaji kawai ake yi. Ki zana ƙananan gidaje uku a ɓoyayyen gefen wurin, ki sa musu lamba 1, 2, 3 a waje da layi, ki harbi kowanne da ƙarfi daban, daga ƙasa zuwa sama, ki rubuta. Ɗan kumburi a gindin kowane gashi kamar tsikar jiki ta tashi shi ake nema. Idan fata ta yi toka-toka ko fari, ko ta ɗuri ruwa, ƙarfin ya yi yawa. Baƙar fata tana jinkirin nuna ƙuna, don haka awa 48 shi ne mafi ƙaranci, ni nakan kai sati. Za a ce miki, "Haba Anti, daga Hotoro fa na taso, ki yi kawai." Ki ba ta haƙuri ki tsaya a kan bakanki.

8. Lokacin harbi

Kowa a ɗakin ya sa tabarau na irin hasken injin, an rubuta lambar a jikinsa. A rufe ƙofa, a kife madubin hannu, a cire sarƙa da ɗan kunne.

Ki ɗauki gida ɗaya, ki bi shi sahu-sahu, kowane harbi ya hau na baya da kamar kashi ɗaya cikin goma. Kada ki harbi kan layin. Fari yana tare haske, gashin da ke ƙarƙashinsa zai tsira, kuma maiƙon jagira yana manne wa gilashin kan inji ya yi baƙi ya fara ƙuna. Idan kin gama gidaje biyu maƙwabta, ki goge layin tsakaninsu da jiƙaƙƙiyar auduga, ki busar, ki bi siririn wurin sau ɗaya. Kowane gida da kika gama ki sa masa ɗigo fari a kusurwa. Ki riƙa duba gilashin kan injin kina gogewa.

Ɗigon nan zai yi miki rana lokacin da aka ɗauke wuta kina tsakiyar cinya. Kafin a tada janareta inji ya dawo, minti biyar sun wuce, an yi hira, kin manta. Idan gida ya tsaya rabi, nan take ki ja ɗan layi inda kika tsaya, ko da fitilar waya ce. Idan kin yi kokwanto ko kin bi wuri ko ba ki bi ba, ki bar shi sai zama na gaba. Idan gumi ya wanke zanen, ki tsaya, ki busar da fatar, ki sake zanawa.

9. Gogewa da rubutawa

Fatar tana da zafi yanzu, kada sifirit ya taɓa ta. Ruwan sanyi da auduga mai laushi, a dangwala a hankali har farin ya fita. Filasta a jiƙa ta kafin a ɗaye. Ki sanyaya wurin, ki gaya mata ta guji rana da turaren wuta da ruwan zafi da dilka na 'yan kwanaki, fuska kuma a shafa man kariyar rana.

Kafin ta gama ɗaura mayafi ki cike katin: awon iyaka daga ƙashin da kika auna, wuraren da kika rufe, masu layi biyu da ƙarfin da kika ba su, da inda layukan gidaje suka bi. A zama na gaba ki gusar da layukan gidajen da kamar faɗin yatsa biyu daga inda suke yau, don kada siririn gashi ya riƙa tsira a wuri guda. Jagirar kuma ki sake fiƙe ta, ki goge da sifirit, ki rufe. Idan kin zana da ita a mara ko kusa da ƙurji, ki sa ta a leda ki rubuta lambar katin mai ita, ba ta ƙara taɓa jikin wani.